Zan kai Inna Damagaram daga Babura, ina neman shawara

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Ina wani ƙauye kusa da Babura. Bayan Sallah zan kai Inna Damagaram ta ga ƙanwarta, rabonsu da juna shekara 6, kullum maganarta ke nan. Tsohuwar Golf gare ni. Wace hanya zan bi?

Tsohon direba: Yaro, bi Babban Mutum ka faɗa Magarya, sai ka miƙe. Zagawa ta Kwangwalam ɓarnar mai ce. Riƙe takardun mota na asali, lasisi da katin shaida, ka yanki lesefase, wato takardar izinin shiga Nijar da mota, wurin kwastan. Jandarma sukan duba.

'Yar Magarya: Canji sefa tun a iyaka. Ku fita da asuba, kada rana ta gallabi tsohuwa.

Mai tambaya: Na gode Baba, na gode Yaya. Gobe zan kai motar gareji.