"Ƙaddara ta riga fata": to, mene ne amfanin ɗaga hannu?

Ɗan Kumo:
Assalamu alaikum. A daminar da ta wuce ruwa ya ɗauke mana har ganyen masara ya fara naɗewa, limamai suka sanar da cewa za a fita filin idi roƙon ruwa. Da na biya ɗaukar kawuna a babur, sai na tarar da shi a gindin darbejiya yana gyara ƙotar fartanya, ya ce in tafi abina, ƙaddara ta riga fata, idan an rubuta ruwa zai sauka ko ba a fita ba. Ban iya ce masa komai ba. Shin haka ake amfani da wannan karin magana, kuma idan gaskiyarsa ce, mene ne amfanin addu'a?

Malamar Hausa, Jekadafari:
Wa alaikumus salam. Kalmar da ke cikin karin maganar ita ce fata ta buri, wadda muke cewa "fatan alheri", ba fatar jiki ba, wadda murya ke sauka a ƙarshenta. Ma'anarta ita ce abin da Allah ya hukunta ya gabaci abin da zuciya ke so. Amma a iya sanina Bahaushe yana faɗinta ne bayan abu ya auku, a wurin ta'aziyya ko idan an fasa aure, domin ya sanyaya zuciyar wanda abin ya shafa. Kawunka ya ɗauko maganar jaje ya ajiye ta a bakin ƙofar aikin da ba a fara ba.

Baba daga Bolari:
Malama, a yi mini afuwa, ni tun tasowata fatar jiki nake fahimta, kuma ba na jin na yi nisa da gaskiya. A hadisi na 4 cikin Arba'una, wanda Ibn Mas'ud ya ruwaito, an ce bayan kwana 120 ana aiko mala'ika ya busa wa ɗan tayi rai, ya rubuta arzikinsa da ajalinsa da aikinsa, da kuma ko ɗan wuta ne ko ɗan aljanna. Muslim kuma ya ruwaito cewa an rubuta ƙaddarorin halittu shekara 50,000 kafin halittar sammai da ƙasa. Ashe ko fatar ma ƙaddara ta riga ta.

Malamar Hausa, Jekadafari:
Baba, fassararka ta yi daɗi, sai dai kunnena bai taɓa jin an furta ta da wannan karin sautin ba.

Ɗalibin ilimi, Pantami:
Ko wace fata aka ɗauka, kuskuren yana wajen raba addu'a da ƙaddara kamar kishiyoyi. Wanda ya rubuta saukar ruwa shi ne ya rubuta roƙon da za a yi kafin ya sauka, kamar yadda ya rubuta ƙoshi tare da cin tuwo, kuma ba mu taɓa ganin wanda ya ture kwano ya ce idan an rubuta zai ƙoshi ba. A shekara ta 18 bayan Hijira, Sayyidina Umar yana kan hanyar Sham ya sami labarin annoba, ya yanke shawarar komawa Madina. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, ya amsa cewa ƙwarai, suna gudu ne daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Tirmizi kuma ya ruwaito daga Salmanul Farisi cewa babu abin da ke mayar da hukunci sai addu'a. Annabi (SAW) da kansa ya fita roƙon ruwa, alhali babu wanda ya kai shi sanin ƙaddara.

Manomi daga Dukku:
Allah ya gafarta Malam, ba musu nake yi ba, amma akwai shekarar da muka fita sau uku, ruwan bai zo ba sai da gero ya ƙone. A ranar kowa cewa ya yi ƙaddara ta riga fata, kuma ban ga laifinsu ba.

Ɗalibin ilimi, Pantami:
Ba su yi laifi ba, Yaya, domin sai da suka fita sannan suka faɗa, nan ne gurbinta. Kuma a hadisin Abu Sa'id da Imam Ahmad ya kawo, mai roƙo ba ya rasa ɗayan uku: a gaggauta masa abin da ya nema, ko a ajiye masa a lahira, ko a kawar masa da wani sharri kwatankwacinsa. Ina kyautata zaton abin da iyayenmu ke nufi ke nan da suke cewa addu'a ba ta faɗuwa ƙasa banza.

Ɗan Kumo:
Na gode ƙwarai. Saura yadda zan faɗa wa kawu ba tare da ya ga na yi masa rashin kunya ba.

Malamar Hausa, Jekadafari:
Ka ce ka same shi yana gyara ƙotar fartanya. Ka tambaye shi cikin ladabi, tunda an riga an rubuta abin da zai shiga rumbu, me zai yi da fartanyar?

Ɗan Kumo:
Malama, wannan tambayar ta fi ƙarfin bakina. Zan ba innata saƙon, ita ce yayarsa.