Kwas ɗin tsara fuskar manhaja: ta ina ake fara aikin hannu?

Malam Sale:
Assalamu alaikum. An ba ni kwas ɗin mu'amalar mutum da kwamfuta na 'yan aji uku. Mako 13 ne, ɗalibai sun haura ɗari, ɗakin kwamfuta kuwa ba ya ɗaukar rabinsu. Da ka ce a tsara fuskar manhaja, sai kowa ya buɗe Figma, manhajar zane a kwamfuta, ya dukufa zaɓen launi. Yaya ake tsara aikin hannu, kuma a kan me ake ba da maki?

Dakta Hajara:
Wa alaikumus salam, Malam. Ƙarancin kwamfutar nan bai kamata ya dame ka ba, domin makonni shida na farko takarda da almakashi kawai ake bukata. Raba su huɗu-huɗu. Kowane rukuni ya zana shafukan manhajarsa da fensir, shafi ɗaya a takarda ɗaya, daidai girman waya. Ranar gwaji mutum ɗaya shi ne "kwamfuta": idan mai gwaji ya ɗora yatsa kan maɓalli, sai ya canja takardar, kuma ba ya magana. Ɗaya yana jagora, biyu suna rubuta duk inda aka yi turus.

Wurin da abin ke lalacewa shi ne rubutun aikin da za a ba mai gwaji. Ɗalibi zai rubuta "danna maɓallin Tura", ka ga ya riga ya ba da amsa. Abin da ya dace shi ne "ƙanenki yana bukatar naira dubu biyu yanzu, ki aika masa". Sai kuma taimako. Da mai gwaji ya yi shiru na daƙiƙa biyar, mai jagora zai miƙa hannu ya nuna masa wurin, alhali wannan shirun shi ake nema. Koya musu su ce "me kike nema yanzu?" su ja bakinsu. Kuma ka hana su gwadawa da 'yan ajinsu. Su je wajen mai shago, mai gadi, ko wata gwaggo a gida.

Mutum biyar sun isa a zagaye ɗaya. Jakob Nielsen ya bayyana a 2000, bisa aikin da suka yi da Thomas Landauer a 1993, cewa biyar kan bankaɗo kusan kashi 85 cikin ɗari na matsaloli. Gwaji uku da mutum biyar-biyar, ana gyara a tsakani, ya fi gwaji ɗaya da mutum 15.

Injiniya Bashir:
Dakta ta yi daidai, sai dai a ja kunnen ɗalibai kan batun biyar ɗin nan. Yana aiki ne idan masu amfanin iri ɗaya ne. Manhajar asibiti tana da likita, tana da majinyaci, kowanne sai an nemo nasa. Kuma biyar na gano matsala ne, ba na lissafi ba. Kada wani ya rubuta "kashi 80 sun gamsu" alhali mutum huɗu yake nufi.

Idan an koma kwamfuta a mako na bakwai, a ba su ma'auni da za a iya dubawa. Maɓalli a Android kada ya gaza 48dp, a iPhone 44pt (dp da pt ma'aunan girma ne a fuskar waya). Bambancin hasken rubutu da bango, ƙa'idar WCAG, ta sauƙaƙa amfani da shafukan intanet ga kowa har da masu nakasa, ta ce 4.5:1 ga ƙaramin rubutu, 3:1 ga babba. Ruwan toka a kan fari yakan yi kyau a ɗaki. Sa su fita da wayar tsakar rana su karanta. Idan manhajar ta Hausa ce, su rubuta ɓ, ɗ, ƙ a kowane shafi, don wasu nau'o'in rubutu ba su da su, sai waya ta aro daga wani nau'in, harafin ya fito a karkace ko ya zama akwati.

Dokar Fitts ta 1954 kuwa, wadda ta ce lokacin kaiwa ga maɓalli ya dogara da nisansa da faɗinsa, kada a tsaya ga bayaninta a allon aji. Maɓallai masu faɗi daban-daban a nisa daban-daban, a auna lokacin dannawa, su zana jadawali da kansu. Awa biyu ta ishe su.

Malama Rabi:
Kan maki, Malam: idan ka ba kyawun zane kaso mai tsoka, Figma za su koma. Ni a ganina rabin makin aikin ya tafi ga hujja, wato ga matsalar da aka gani, ga wanda ya makale a kai, ga gyaran, ga sakamakon gwaji na biyu. Kyau kada ya wuce kashi 10.

Don kada wasu su laɓe a bayan rukuni, yi amfani da ƙa'idoji goma na Nielsen na 1994 na duba sauƙin amfani da manhaja. Kowa ya duba manhajar wani rukuni shi kaɗai, ya auna tsananin kowace matsala daga 0 zuwa 4, ya miƙa takardarsa, sannan su zauna su haɗa. Idan suka fara tare, mai baki ne zai yi rinjaye, sauran su bi. Kuma ba a ɗaukar murya ko hoton kowa sai da izininsa.

Malam Sale:
Na gode ƙwarai. To tambayoyin SUS fa, waɗanda ake yi wa mai gwaji don auna sauƙin amfani da manhaja, a sa su?

Injiniya Bashir:
A sa, amma a zagayen ƙarshe. John Brooke ne ya tsara su a 1986, tambaya goma, amsa daga 1 zuwa 5. A lissafi ake tafka kuskure: tambaya ta 1, 3, 5, 7 da 9 a cire 1 daga amsar, ta 2, 4, 6, 8 da 10 a cire amsar daga 5, domin su a juye aka rubuta su. A tara, a ninka da 2.5. Abin da ya fito ba kaso cikin ɗari ba ne. Matsakaici wajen 68 yake, don haka rukunin da ya samu 60 kada ya yi murna, yana ƙasa da tsaka-tsaki ne.