Me ya haɗa kansar mahaifa da hawan fararen ƙwayoyin jini?

Uwar Biyu: Assalamu alaikum. Yayata ce, shekarunta 58, al'ada ta daɗe da ɗauke mata, sai ga jini ya dawo. Gwaji ya nuna fararen ƙwayoyin jininta 46,000, ga zazzaɓi. Sati biyu ana ɗura mata maganin kashe ƙwayoyin cuta, ko gezau. Da aka fara zancen kansar jini, fita na yi na zauna kan benci ina kuka. Yanzu an ɗebi tsoka an duba, wai kansar mahaifa ce mai suna carcinosarcoma. To jinin fa?

Ma'aikaciyar Jinya: Wa'alaikumussalam, sannu 'yar'uwa. Adadin fararen ƙwayoyin jinin mai lafiya yakan kasance tsakanin 4,000 da 11,000. Jefi-jefi irin wannan ƙari yakan fitar da sinadarin G-CSF, shi ke tunzura ɓargo ya yi ta ƙera fararen ƙwayoyi ba tare da wata ƙwayar cuta ba. Shi ya sa magani bai taɓa shi ba. In an cire ƙarin, adadin yakan sauka. In ya sake hawa, likita zai duba ko ciwon ne ya dawo. Ku adana takardun gwajin nan duka.

Hajiya Babba: Ni tawa 'yar wata kansar mahaifa mai suna choriocarcinoma ta yi bayan ɓari. Gwajin ciki na ta nuna akwai, alhali ba komai, kansar ce ta cika mata jini da hCG, sinadarin da gwajin ciki ke ganowa. Da maganin kansa mai suna methotrexate ta warke, har ta sake haihuwa. Allah ya ba Yaya lafiya.

Uwar Biyu: Amin Hajiya, na gode. Ranar Talata za a shiga da ita tiyata.