Cikin mesata ya yi ja, saɓa ce ko ciwo?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Ina kiwon ƙaramar mesa, irin mai dunƙulewa in ta tsorata. Tun da ruwa ya yawaita, gilashin akwatinta kullum cikin raɓa yake. Jiya na juya ta, sai na ga ɓawon cikinta ya yi ja-ja, akwai ƙuraje masu ruwa kusa da wutsiya. Hankalina ya tashi.

Amsa ta farko: Wa'alaikumus salam. Kafin saɓa ciki kan yi ja kaɗan, idanu su yi hazo. Amma ƙurajen nan ba na saɓa ba ne, ɗan'uwa. Ruɓewar fata ce, kwanciya kan jiƙaƙƙiyar shimfiɗa mai ƙazanta ke jawo ta. Kwashe shimfiɗar yau, ka sa busasshiyar takarda, kana canzawa kullum.

Amsa ta biyu: Ƙara ramukan iska, amma kada ka busar da akwatin ƙarƙaf. Danshin kashi 50 zuwa 60 take so, ƙasa ce dai za ta bushe. Tun da har ƙuraje sun fito, kai ta wajen likitan dabbobi, don cutar kan shiga jini.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Na sauya shimfiɗar, gobe da safe za mu je.