Yaya zan ci abinci a natse alhali akushi ɗaya muke ci?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Manomi ne ni a wani ƙauye kusa da Ringim. Ƙwannafi ya dame ni, likita ya ce in daina cin abinci da garaje, wai sai an ɗauki kusan minti 20 kafin jiki ya gane ya ƙoshi.

To mu biyar ne a akushi ɗaya da ƙannena. In na tsaya jan numfashi tsakanin loma da loma, sai in tarar sun share tuwon, har miyar kukar. Shi tuwon dawa ma ai haɗiya ake yi, wa ke tauna shi? Na ce a zuba mini nawa daban, Baba ya ce girman kai ne.

Don Allah wa ya san dabarar da ba za ta ɓata wa Baba rai ba?