Kofin Mjallby ko na Leicester, wanne ya fi ban mamaki?

Ɗan Gunners: Jama'a a ɗan ajiye maganar Firimiya. Ni dai na kafe, abin da Mjallby ta yi a gasar Suwidin ta 2025 ya fi na Leicester na 2016 ban mamaki. Ƙungiya ce ta wani ƙauyen masunta, Hallevik, a bakin teku, mutanensa ba su kai dubu biyu ba. Wasa 30, sau ɗaya tak aka doke ta, ta gama da maki 75. Mai ja ya fito.

Kawu Blues: Ga ni na fito, yaro. Leicester da su wa ta kara? Man City, United, Chelsea, Liverpool. 'Yan caca 5,000 bisa 1 suka ba ta. Ta haɗa maki 81, ta ba ta biyu tazarar maki 10. Wace ce ta biyun? Arsenal ɗinka. Shi ya sa kake neman a binne zancen.

Ɗan Gunners: Haba Kawu. A wasa uku da Leicester ta sha kashi a kakar, biyu mu muka ba ta, gida da waje.

Kawu Blues: To ku je a ba ku kofin hakan.

Mazaunin Malmo: Kawu, da girmanka, bari in sa baki tunda ina ganin gasar nan da idona. Leicester talaka ce kawai idan ka jera ta da City. Attajirin Tailan ne ya mallake ta, ga kuɗin talabijin da kowace ƙungiyar Firimiya ke kwasa. A nan Suwidin doka ce, kashi 51 na ƙuri'u na hannun mambobin ƙungiya, ba wani mai kuɗi da zai zo ya saye ta ya yi ta zuba dukiya. Abin da ka tara shi za ka ci. Malmo ta tara nata daga wasannin Turai, shi ya sa ta ɗauki kofi a 2020 da 2021 da 2023 da 2024. Mjallby kuwa a 2016 tana rukuni na uku, da ƙyar ta tsira daga faɗawa na huɗu. Filinta, Strandvallen, idan ya cika maƙil bai kai mutum dubu goma ba, iskar teku na kaɗa ka kana kallo. Kocinsu na lokacin ma, Anders Torstensson, shugaban makaranta ya taɓa yi.

Malam Lissafi: Malam, hujjarka ta juyo kanka. Tunda ba attajirai, ƙofa a buɗe take ga kowa. Kalmar ta ci a 2008, Elfsborg 2012, Norrkoping 2015, Hacken ta ɗauki na farko a tarihinta a 2022. A gasar da ƙanana ke ɗagawa jefi-jefi, ina abin mamakin? Sannan Mjallby ta biyar ta zo a 2024, kowa ya ga tana tafe. Leicester kuwa ta 14 ta ƙare a 2015, bayan ta shafe watanni a ƙasan tebur.

Kawu Blues: Allah ya yi maka albarka, Malam. Ƙara musu da cewa Malmo ce ta yi barci a 2025, ta ƙare ta shida, har ta kori kocinta ana cikin kaka.

Mazaunin Malmo: Kawu, kai ne bai kamata ka ta da wannan ba. Chelsea mai riƙe da kofi ta goma ta ƙare a kakar Leicester, aka sallami Mourinho a Disamba. In barcin manya ne, a Ingila ma an yi minshari. Amma ga inda nake so Malam ya duba. Kafin 2025, maki mafi yawa da aka taɓa samu a Allsvenskan, babbar gasar Suwidin, 67 ne, Malmo a 2010, AIK a 2018. Ke nan ko Malmo ta farka ta yi kaka mafi kyau a tarihinta, da maki 8 Mjallby za ta bar ta. Ba faɗuwar wani ta ba su kofi ba. Hammarby da ta zo ta biyu ma 62 ta samu, makin da a wata shekarar ya isa a yi ta fafatawa har ranar ƙarshe. 'Yan Mjallby kuwa saura wasa uku suka gama magana, ranar 20 ga Oktoba, suka bi IFK Goteborg har gida suka ci ta 2-0.

Malam Lissafi: Wannan na karɓa. Maki biyu da rabi a kowane wasa, Leicester biyu da ɗan kaɗan. A ƙarfin mamaye gasa Mjallby ce gaba. A wuyar abokan karawa ina nan tare da Kawu.

Autan Majalisa: Yayyena tambaya. Da gaske ne babu VAR a can? Kada a ce da ƙwallayen satar gida aka ci kofin.

Mazaunin Malmo: Babu, Auta. Mambobin ƙungiyoyi ne suka ƙi ta. Amma Leicester ma a 2016 ba VAR a Firimiya, sai a 2019 aka kawo.

Kawu Blues: Duk na ji. Ku kawo min Mjallby ta buga da City ta Aguero da De Bruyne, ta ci 3-1 a Etihad kamar yadda Leicester ta yi, sai mu zauna.

Ɗan Gunners: Kai ma Kawu kawo mana Leicester da aka tara daga ƙauyen mutum dubu biyu.

Kawu Blues: Vardy ai daga masana'anta aka tsinto shi. Auta, wa ke da wasa gobe?