Duba titin jirgi da damina: ina AI zai shiga, ina ba zai shiga ba?

Ɗan_Sintiri:

Assalamu alaikum manyanmu. Tambayata ga waɗanda suka san aikin kiyaye lafiyar filin jirgin sama. Damina ta ƙarato, kuma ana ta maganar shigo da ƙirƙirarriyar basira, wato AI, cikin aikin duba titin sauka da tashi. Abu uku ake nufi: a riƙa tambayar manhajar hira irin su ChatGPT ma'aunin da doka ta gindaya maimakon buɗe kundi, a bar ta ta rubuta rahoton yanayin titi bayan an sha ruwa, sannan a kafa kyamarori masu gano tarkace don a rage fita sintiri da mota. A ɗauka filin mai lamba 4 ne, wato ajin filaye masu titi mafi tsawo, titi ɗaya, na kwalta, babu tsagi a jikinsa. Wanne cikin ukun nan zai yiwu, wanne ne ganganci?

Injiniya_Kwalta:

Wa alaikumus salam. Bari in ɗauki na farko, don shi ne mutane suka fi rainawa.

Manhajar hira ta karanta tsohon bugu da sabon bugu na Kundi na 14 na ICAO, wato ƙa'idojin filayen jirgi na hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ta karanta na Amurka, ta haɗa su duka a tukunya ɗaya. In ka tambaye ta, amsar za ta zo a tsare kamar gaske, ko ɗar ba za ta yi ba. Misali, faɗin filin da ake bari a kowane gefen titi mai lamba 3 ko 4 da ake sauka a kansa da na'ura: da mita 150 ne daga tsakiyar titi, tun 2018 aka mayar da shi mita 140. Duk lambobin biyu suna yawo a intanet. Haka ma yadda ake bayyana ƙarfin kwalta, an bar tsarin ACN da PCN an koma ACR da PCR daga 28 ga Nuwamba 2024, kuma ba a iya juya lambar wancan zuwa wannan da lissafin kai tsaye, sai an sake tantance kwaltar. Manhaja za ta iya ƙirƙiro maka “dabarar juyawa” in ka matsa mata.

Inda gizo ke saƙa shi ne ƙarshen titi. A tsarin ICAO, daga inda titi ya ƙare akwai mita 60 na filin da ke kewaye da shi, daga nan ne RESA take farawa, wato wurin da aka tanada don jirgin da ya zarce. Wajibinta mita 90, abin da ake so ga lamba 3 da 4 kuwa mita 240, faɗinta aƙalla ninki biyu na faɗin titi. Amurka ƙafa 1,000 take aunawa, kuma daga bakin titi take fara ƙirga. In manhaja ta ɗauko lambar wannan ta aza a kan mafarin wancan, an yi asarar mita 60 a takarda ba wanda ya lura.

Tsawon ma ba shi kaɗai ba ne. Duk abin da dole ya zauna a wurin don taimakon sauka sai ya zama mai karyewa da sauƙi. A Muan ta Koriya ta Kudu, ranar 29 ga Disamba 2024, jirgin Jeju Air ya sauka a kan cikinsa, ya zarce, ya daki tudun da aka ƙarfafa da kankare aka ɗora eriyar daidaita jirgi a kai, kimanin mita 250 daga ƙarshen titi. Mutum 179 suka rasu. Irin wannan ba a gane shi daga ofis. A taka da ƙafa a duba gindin kowace eriya, murfin kowane rami, bakin kowace kwalbati, da tudun ƙasar da ɗan kwangila ya bari ya tafi.

Yi amfani da manhajar ta nuna maka babin da za ka buɗe, ko ta fassara maka sakin layi mai sarƙaƙiya. Lambar da za ta shiga takarda mai sa hannu kuwa, daga bugun da ke aiki yau za a kwafo ta, tare da Sashe na 12 na dokokin NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama, ga wanda yake Najeriya.

Hajiya_Maimuna_Ops:

Injiniya ya gama da wancan. Rahoton yanayin titi kuma, ƙanena, rubutawar ba ita ce aikin ba, awon ne.

Tun 4 ga Nuwamba 2021 duniya ta koma tsari ɗaya. Ana raba titi kashi uku, kowane kashi a ba shi lamba daga 6 zuwa 0. A ƙasarmu da ba ƙanƙara, huɗu ne ke yawo: 6 busasshe, 5 jiƙaƙƙe da ruwan da bai wuce milimita 3 ba, 3 jiƙaƙƙe mai santsi, 2 ruwa kwance sama da milimita 3. In abin da ya jiƙe bai wuce kashi 25 cikin ɗari na wannan sashen ba, lambar tana nan a 6. Tsakanin 5 da 2 kaurin ruwan bai kai na tsabar kuɗi biyu ba, amma a lissafin matuƙi bambancin nisan tsayawa yana kai ɗaruruwan mitoci, har ya sa ya fasa sauka.

Dalili kuwa, tayar babban jirgi mai iska kusan psi 200 tana fara hawa kan ruwa a gudun kusan kilomita 235 a sa'a, tayar da ba ta fara juyawa ba kuma tun daga kusan 200. Gudun taɓa ƙasa ke nan. Titinku da ba shi da tsagi ya dogara ne kacokan a kan gangaren gefe, kusan kashi 1.5 cikin ɗari, da kaushin kwalta. Inda tayoyi suka lotsa kwalta ruwa zai kwanta kamar a kwarya, inda roba ta taru a wurin taɓa ƙasa kuma ta toshe kaushin. Ciyawar bakin titi in ta tara ƙasa ta fi kwalta tudu, ta zama madatsa. Kafin ruwan farko a kankare robar, a sare bakin nan, a yashe magudanai, a ja na'urar awon santsi. A teburin da ICAO ta daɗe tana bayarwa, na'urar awon santsi ta Mu-meter a gudun kilomita 65 a sa'a in ta nuna 0.52 a fara shirin gyara, ƙasa da 0.42 an faɗi. Sashen da ya faɗi sai a fitar masa da NOTAM, wato sanarwa ga matuƙa, kuma duk lokacin da ya jiƙe 3 ne, ba 5 ba.

Manhaja ba ta san ko ɗaya daga cikin wannan ba sai abin da mai sintiri ya gaya mata. Shi ya sauka daga mota, ya dafa abin awo a wurare da dama a kowane kashi, musamman sawun tayoyi. Bayan haka in ana so ta jera rahoton a tsarinsa, babu laifi, amma fom mai gurabe a kwamfuta ya fi ta aminci, don shi ba ya gyara maka abin da ba ka ce ba.

Ga wani tarko da na tabbata za ta faɗa. A rubutaccen rahoto ana jera kashi ukun daga ƙaramar lambar titi. A ce titi 06/24 ne irin na Kano, an rubuta 5/5/2. Jirgin da zai sauka ta 24, hasumiya 2/5/5 za ta karanta masa, don ruwan yana daidai inda zai taɓa ƙasa. In aka juya tun a takarda “don a sauƙaƙa”, hasumiya ta sake juyawa, matuƙi ya ɗauka ruwan yana can ƙarshe inda gudunsa ya ragu. Sannan SNOWTAM, sanarwar yanayin titi, duk da sunansa na dusar ƙanƙara, shi ake fitarwa ga ruwa kwance, kuma ba ya wuce sa'a 8. Ruwan Agusta ba ya jiran wannan, da lamba ta canza a sake awo a sake rahoto.

Ɗan_Sintiri:

Na gode Hajiya, Allah ya saka. To kyamarar tarkace fa? Ita ake cewa za ta rage kuɗin mai da yawan rufe titi.

Malam_Rada:

Ita ce mafi amfani cikin ukun, amma ba don dalilin da suke faɗa ba.

Titi mai lamba 3 ko 4 a ajin tsawo ana duba shi aƙalla sau biyu a rana. Tsakanin sintiri da sintiri sa'o'i ne da ba wanda ke kallo. Hatsarin jirgin Concorde na 25 ga Yuli 2000 a Faris, guntun ƙarfe ne mai tsawon kusan santimita 43 ya faɗo daga wani jirgin DC-10 da ya tashi mintuna biyar kafinsa, ya fasa taya, ɓarin tayar ya daki tankin mai, mutum 113 suka tafi. Sintirin safe ba zai kama wannan ba. Gurbin da na'ura ke cikewa ke nan. Vankuba ta kafa mai aiki da rada tun 2006, Changi ta Singafo ta ɗauki mai aiki da kyamara. Ma'aunin hukumar FAA ta Amurka shi ne na'urar ta ga abu kamar ƙwallon golf, ta nuna inda yake cikin tazarar mita 5.

Matsalar, AI ɗin da ke cikin kyamara da hotuna aka koyar da shi, kuma da wuya hotunan su zama na yanayinmu. Hazon hunturu yana cinye bambancin launi, ƙura tana zama a gilashi cikin kwana biyu, kawalwalniyar azahar tana sa kwalta ta riƙa rawa a hoto. Baƙar leda a kan baƙar kwalta da dare kusan ba ta ganuwa. A ɗaya gefen kuma ƙadangare, inuwar shirwa, da ƙwarin da ke taruwa a fitilu bayan ruwan farko duk za su tada ƙara. Na'urar da ke kuka sau ashirin a rana ba dalili, kafin mako biyu ma'aikata sun daina ɗaga kai.

Kafin a biya, a gwada ta a titinku. A rufe titi, a ajiye abubuwa ƙirgaggu a wuraren da mai sayarwa bai sani ba: noti, spana, guntun taya, ɓallin kwalta, murfin tankin mai, gorar roba. A yi da rana, da dare, cikin ruwa, cikin hazo. A rubuta nawa ta gani, cikin minti nawa, da sau nawa ta yi ƙarya. A ƙirga kayan wajen kwashewa kamar yadda aka ƙirga wajen ajiyewa, kada gwaji ya zama shi ne tarkacen. Sai ta yi damina ɗaya da hunturu ɗaya tana aiki kafaɗa da kafaɗa da sintiri kafin a yi maganar amincewa.

Rage sintiri kuwa, a'a. Kyamara ba ta jin tsagewar kwalta a ƙarƙashin taya, ba ta duba fitilar da ta karkace ko fentin da ya goge, ba ta ganin inda aka yanke waya a katanga. A Fatakwal a 2005 shanu ne jirgin Air France ya afka wa a kan titi.

Kyaftin_B:

Daga ɓangaren kujerar gaba, ina da ɗan saɓani da Injiniya. Akwai inda manhajar rubutu za ta ceci rai, wato NOTAM. A San Faransisko, 7 ga Yuli 2017, jirgin Air Canada ya kusa sauka a kan hanyar gefe da jirage huɗu ke layi a kanta, domin an rufe titi 28L kuma sanarwar tana shafi na 8 cikin shafuka 27 da aka miƙa wa matuƙan. Abin da zai ɗauko “titi a rufe”, “an rage tsawon sauka”, “fitilun tsayawa ba sa aiki” ya kawo su sama, ya tura na ƙugiyar gini mai nisa ƙasa, alheri ne. Sharaɗi ɗaya: ta jera, ta yi wa muhimmi alama, amma kada ta share ko ta taƙaita, ainihin rubutun ya zauna a gefe. Manhajar hira tana iya mayar da 2,400 ya zama 2,040, ko ta ɗauki lokacin UTC, agogon duniya da jirage ke aiki da shi, a matsayin na gida, alhali Najeriya da Nijar suna gaba da sa'a ɗaya.

Haneda ta Tokyo kuma ta isa misali ga masu zaton na'ura ta gama komai. Ranar 2 ga Janairu 2024 ƙaramin jirgin masu gadin teku ya shiga titi ba da izini ba, A350 na Japan Airlines ya sauko a kansa, biyar daga cikin shidan da ke ƙaramin suka rasu. Fitilun tsayawa na mahaɗar suna gyara, an kuma sanar. Na'urar sa ido ta nuna gargaɗi a allon hasumiya, ba wanda idonsa ke kai. Bayan hatsarin sai da aka ajiye mutum musamman don kallon allon. Saboda haka kafin a kafa kyamararku a rubuta: ƙarar wa take zuwa wa, wa ke da ikon tsayar da sauka, minti nawa mota za ta isa, me za a yi ranar da wuta ko intanet ta ɗauke.

Hajiya_Maimuna_Ops:

Kyaftin ya taɓo inda takarda take. Hukumar EASA ta Turai ta raba AI mataki uku a taswirarta ta 2020 da ta sabunta a 2023: mai taimaka wa mutum, mai aiki tare da mutum, da mai yanke hukunci da kansa. Duk abin da muka lissafa a nan na matakin farko ne. Shigo da shi canji ne a tsarin kiyaye lafiya na Kundi na 19 na ICAO, don haka sai an rubuta tantance haɗari, an gyara kundin filin, an kai wa NCAA, ko takwararta ANAC ga 'yan Nijar. Kuma a ja wa ma'aikata kunne: rahoton kuskure mai ɗauke da sunan direba ko na ma'aikacin hasumiya ba a liƙa shi a manhajar hira ta kowa da kowa. Ranar da suka ji rahotonsu yana fita waje, sun daina kawowa ke nan.

Ɗan_Sintiri, in kasafin na abu ɗaya ne bana, a kankare robar nan kafin Yuni.